Jiragen Da Ba Sa Taɓa Ruwa: Masu Tsere Da Iska A Kan Ƙanƙara Da Rairayi

A ƙasashen da sanyi ke tsananta, da zarar watan Disamba ya kama, watau daidai lokacin da hunturu ke busawa a ƙasar Hausa, masu kwalekwale sukan janye jiragensu su kife su a gaɓa, domin tafkuna sun daskare har mutum yana iya taka su da ƙafa. Amma akwai waɗansu mutane a arewacin Amurka da arewacin Turai waɗanda a wannan lokaci ne kakarsu take kamawa. Su ne masu jirgin ƙanƙara. Yawancinsu ba sana'arsu ba ce ƙera jirgi. A cikinsu akwai malaman makaranta, da akawuna, da makanikai, da waɗanda suka yi ritaya. Sukan shafe watanni a gareji ko a ɗakin ƙarƙashin gida suna fiƙe katako suna shafa gam, sa'an nan in ƙanƙara ta yi kauri su ɗora abin da suka ƙera a kan rufin mota su nufi tafki.

Abin da suke ƙerawa ɗin sunansa kawai jirgi, amma ba a yi shi don ya taɓa ruwa ba. Akwati ne siriri mai tsawon ƙafa 12, wanda mutum ɗaya ke kwanciya rigingine a cikinsa. A ƙarƙashinsa an gitta wani katako mai tsawon ƙafa 8. A kowane bakin katakon an ɗaura ƙarfe mai kaifi kamar wuƙa, ga kuma na uku a goshin jirgin wanda da shi ake juya akala. A bisa an kafa jigo mai tsawon ƙafa 16, an ɗaura masa filafili, watau ƙyallen nan da ke tarar iska. Babu inji, babu man fetur, babu kuma birki. Duk da haka wannan ɗan abu yana yin mil 60 cikin awa ɗaya in iska ta samu, ga matuƙinsa kwance, tsakanin bayansa da ƙanƙara bai wuce taƙi ɗaya ba.

WASAN MASU HALI

Mutanen Holan ne aka sani da fara wannan dabara. Tun a ƙarni na 17 suke ɗaura wa kwalekwale ƙarafa a gindi don su ci gaba da jigilar kaya a kan magudanan ruwansu sa'ad da suka daskare. Wasa bai shigo ciki sosai ba sai da abin ya ƙetara zuwa Amurka, inda ya sami gindin zama a kogin Hudson na jihar New York. A can kuwa ya faɗa hannun attajirai masu manyan gidaje a bakin kogi, suka mai da shi abin gasa da nuna isa.

Wanda ya fi suna a jiragen wancan zamani shi ne Icicle, wanda aka ƙera wa John Roosevelt a 1869. Shi wannan mutum baffa ne ga Franklin Roosevelt wanda daga baya ya shugabanci Amurka. Tsawon jirgin ya kusa ƙafa 69, filafilinsa kuwa ya haura murabba'in ƙafa 1,000, har in za a kai shi wani wuri sai an ɗora shi a taragon jirgin ƙasa. Da yake hanyar dogo tana bin gaɓar kogin, masu waɗannan jirage sukan jira jirgin ƙasa ya iso su yi tsere da shi, fasinjoji suna leƙowa ta taga suna ihu, kuma sau da yawa jirgin ƙanƙara ke wucewa. Mai karatu ya tuna a lokacin ba mota ba jirgin sama. Mutumin da ya hau irin wannan jirgi a ranar iska mai ƙarfi yana cikin waɗanda suka fi kowa gudu a duniya.

Sai dai abu ne da talaka ba ya ko mafarkinsa. Ana bukatar gwanayen kafintoci su ƙera shi, da barori su haɗa shi su kwance shi, da rumfar ajiye shi. Ga shi kuma da wani mugun hali: da yake daga baya ake juya akalarsa, in iska ta fizge shi gindin yakan ɗaga, ƙarfen baya ya saki ƙanƙara, jirgin ya yi ta juyawa kamar katantanwa yana watsar da mutanen ciki. A 1933 wani mutumin jihar Wisconsin mai suna Walter Beauvais ya ƙera ƙaramin jirgi ya mai da ƙarfen juya akala gaba. Da wannan canji, ƙarfin iska ya koma danna goshin jirgi a kan ƙanƙara maimakon ya ɗaga shi. Nan take aka gane ƙaramin jirgi mai ƙaramin filafili yana iya tsere wa manyan.

JARIDAR DA TA ZAMA MAKARANTAR KAFINTA

Daga nan labarin ya koma birnin Detroit na jihar Mishigan, birnin masana'antun mota, a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, dubban ma'aikata suna zaune ba aikin yi. Jaridar birnin mai suna Detroit News tana da wani ɗakin aikin hannu inda masu karatunta ke zuwa koyon sassaƙa. Shugaban ɗakin, Archie Arrol, ya haɗa kai da waɗansu mutum biyu da suka san tuƙin ƙanƙara, Joseph Lodge da Norman Jarrait, suka zana jirgin da ya cika sharuɗɗa masu sauƙin faɗa amma masu wuyar cikawa: mutum ya iya ƙera shi a gidansa da kayan aikin da kowane gida ke da su, kuɗinsa kada ya fi ƙarfin ma'aikaci, kuma ya ɗauku a kan rufin mota.

A 1937 mutum kamar 50 suka taru a ɗakin suka ƙera jiragen farko. Ba a wanye lafiya ba, domin kafin sanyin shekarar ya wuce jiragen sun kakkarye. Masu zanen suka koma suka ƙara wa wuraren da suka gaza ƙwari, mutanen suka sake taruwa a 1938 suka ƙera waɗansu. Wannan karon abin ya tsaya. An laƙaba wa jirgin haruffan farko na sunan jaridar, watau DN, kuma sunan da yake amsawa ke nan har yau. Filafilinsa murabba'in ƙafa 60 ne kacal, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma sha bakwai na filafilin Icicle ba.

A 1953 masu irin wannan jirgi suka kafa ƙungiya, suka rubuta dokokin awo. Dokokin nan su ne ƙashin bayan al'amarin duka, ko da yake karanta su ba shi da daɗi. Sun ƙayyade tsawo da faɗi da kaurin kowane sashe, da mafi ƙarancin nauyin gangar jirgi, da girman filafili. A tsakanin iyaka ta sama da ta ƙasa an bar wa maƙeri ɗan fili ya gwada basirarsa, amma ba a bar wa mai kuɗi hanyar da zai sayi nasara da girman jirgi ba. Saboda haka jirgin da malamin firamare ya haɗa a garejinsa yana iya tsayawa a layi ɗaya da na ɗan kasuwa.

Wani mutumin Holan, Wim van Acker, shi ya yi ɗawainiyar yaɗa jirgin a Turai a shekarun 1960. Abin lura shi ne yadda ya karɓu a ƙasashen gabashin Turai, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin mulkin gurguzu, musamman Polan da Istoniya. Dalilin a fili yake: suna da tafkuna da gaɓar teku masu daskarewa, suna da katako, suna da masu aikin hannu, abin da ba su da shi kawai kuɗin sayo kaya daga waje, shi kuwa DN takardar zane kawai yake bukata. Da aka yi gasar duniya ta farko a 1973 a tafkin Gull na Mishigan, ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wani ɗan Istoniya mai suna Ain Vilde ne ya ɗauke kofin a gaban masu gida. Tun daga nan ake karɓa-karɓa, shekara guda a Amurka ta Arewa, shekara guda a Turai. Karol Jablonski na Polan shi kaɗai ya ci kofin fiye da sau goma.

YAYA ABU ZAI FI ISKAR DA KE TURA SHI GUDU?

Wannan ita ce tambayar da ɗalibin kimiyya zai fara yi, domin an tabbatar jirgin ƙanƙara yana ninka gudun iska sau uku ko huɗu. In iska tana tafiyar mil 12 a awa, shi yana iya yin 40. A ido abin kamar ya saɓa wa hankali.

Amsar tana wurin mai keke. Wanda ya hau keke a ranar da ko ganye ba ya motsi, yana fara gudu zai ji iska tana bugun fuskarsa. Gudunsa ne ya haifar da ita. To, jirgin ƙanƙara iska biyu yake ji a haɗe: ta Allah wadda ke busowa daga gefe, da wadda gudunsa ya haifar daga gaba. Filafilin kuwa ba buhu ba ne da iska ke cikawa tana turawa daga baya. Aikinsa irin na fiffiken jirgin sama ne da aka tsayar a tsaye: iska tana bin bayansa da cikinsa, bambancin matsin da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya ja shi. Gwargwadon ƙarfin iskar da ke ratsa shi, gwargwadon jan. Saboda haka in jirgi ya ƙara gudu, iskar da filafili ke ji ta ƙaru, jan ya ƙaru, gudu ya sake ƙaruwa.

Kwalekwalen ruwa ma yana cin wannan moriya, amma ruwa yana riƙe shi, tun da sai ya keta shi kafin ya wuce. A kan ƙanƙara kusan babu abin da ke riƙewa. Ƙarafan nan uku suna sulɓi gaba ba wahala, amma kaifinsu yana cizon ƙanƙara ya hana jirgin zamewa gefe. Abin da ke taƙaita gudun a ƙarshe shi ne, in ya yi yawa iskar takan koma tana zuwa kusan daga gaba sak, jikin jirgin da na matuƙi su riƙa tokare ta.

Wannan ya jawo waɗansu abubuwa na ban mamaki a wajen tuƙi. Matuƙi ba ya bin bayan iska kai tsaye ko da can ya nufa, domin in ya yi haka ba zai fi ta gudu ba. Sai ya riƙa karkata dama da hagu, ya yi doguwar hanya amma ya riga isa. Wajen tashi kuwa, jirgin ba ya motsawa da kansa. Matuƙa sukan jeru a layi sanye da takalma masu ƙusoshi, in an sauke tuta kowa ya tura nasa a guje, sa'an nan ya yi tsalle ya faɗa ciki. In ana so a tsaya, sai a juya goshi a fuskanci iska har gudun ya mutu.

Game da iyakar gudu, an daɗe ana faɗin cewa wani jirgi mai suna Debutante ya yi mil 143 a awa a tafkin Winnebago na Wisconsin a 1938. Masana na yanzu ba su gamsu da wannan ba, domin tun da aka sami na'urorin awo masu aiki da tauraron ɗan'adam, jiragen da suka fi wancan kyawun ƙira ba su ko kusanci wannan adadi ba.

NA KAN TUDU

Inda babu ƙanƙara, taya tana maye gurbin ƙarfe. Ba dama a kira wannan jirgin ƙasa, tun da masu dogo sun riga sun karɓe sunan, saboda haka keken iska ya fi dacewa da shi. Shi ma tsohon abu ne. Littattafan ƙasar Sin na ƙarni na 6 sun ambaci keken da iska ke turawa. A wajen shekarar 1600 masanin lissafi Simon Stevin ya ƙera wa Yarima Maurice na Holan wani babba wanda ya ɗauki fiye da mutum 20, ya bi gaɓar teku daga Scheveningen zuwa Petten, tafiyar kimanin mil 50, cikin awa biyu. Wasan zamani ya faro ne a 1898 a garin De Panne na Beljiyam, inda 'yan gidan Dumont suka fara ƙera nasu. Louis Blériot, Bafaranshen da ya fara ƙetare mashigin tekun Ingila a jirgin sama a 1909, shi ma ya ƙera irinsu ya sayar. A yau a gaɓar arewacin Faransa har 'yan makaranta ake kaiwa su koya in teku ta janye ta bar rairayi mai tauri.

Keken iska ya taɓa shigowa Sahara. A 1967 wani hafsan sojan Faransa, Jean du Boucher, ya tara matuƙa daga ƙasashe dabam-dabam a Colomb-Béchar ta Aljeriya, suka nufi Nuwakshot babban birnin Muritaniya, tafiyar mil 1,700 ko kusa da haka. Da niyyar tsere aka tashi. Amma hamada ba gaɓar teku ba ce: duwatsu suka yi ta fasa tayoyi suna karya ƙarafa, rairayi mai laushi yana kafe kekuna, har aka ajiye maganar gasa aka koma taimakon juna don a isa da rai. Waɗanda suka iya gyara da hannunsu su ne suka fi amfani a wannan tafiya.

A nan ma masu sha'awa sun yi wa kansu doka irin ta DN, kuma tata ta fi sauƙi. A rukunin ƙananan kekuna, alƙali yakan zo da igiya mai tsawon mita 5.6 da aka ƙulle bakinta, ya zagaya ta a gindin tayoyin uku. In ta zagaye su, keke ya shiga gasa. Tayoyin kuwa irin na baro ne, wanda ake dakon kaya da shi a kasuwa. Da bututun ƙarfe, da mai walda, da tsohon filafili da aka rage wa girma, mutum ya tashi da kekensa.

Amma a wajen neman gudun da ya fi na kowa, zamanin mai gareji ya wuce. A 1999 waɗansu Amurkawa biyu masu sha'awa, Bob Dill da Bob Schumacher, sun kai mil 116 da ɗoriya a busasshen tafkin Ivanpah da wani keke da suka ƙera suka sa wa suna Iron Duck. A watan Maris 2009 wani injiniya Baturen Ingila, Richard Jenkins, bayan ya shafe shekara goma yana fama, ya kai mil 126 a wuri guda. Wanda ya karɓe daga hannunsa ba mutum ɗaya ba ne, ƙungiyar tseren jiragen ruwa ce ta ƙasar Niyu Zilan da injiniyoyinta da kuɗinta. Matuƙinsu Glenn Ashby ya yi kilomita 222 a awa a tafkin gishiri na Gairdner a Ostareliya a Disamba 2022, ya ƙara zuwa 225 a Fabrairu 2023, watau mil 140.

ABUBUWA BIYU DA KE CI MUSU TUWO A ƘWARYA

Na farko kuɗi ne, wanda aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Gangar jirgin DN har yanzu ta katako ce, kuma har yanzu ana ƙera ta a gida. Amma jigon da dā na katako ne ya koma na alminiyam, daga baya ya koma na zaren gilashi da na kabon, wanda ke lanƙwasa in iska ta yi ƙarfi ya miƙe in ta lafa. Irin wannan ba kowa ke iya yin sa a gareji ba. Wanda ke neman kofi kuma yakan zo da filafili fiye da ɗaya, da ƙarafa iri-iri, na ƙanƙara mai santsi dabam, na mai dusa a kai dabam, na mai laushi dabam, ya kwana yana wasa su. Ba a karya doka ba, amma tazarar da Arrol da abokansa suka so su toshe ta sake buɗewa kaɗan. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne tsofaffin jirage ba sa mutuwa, ana sayar da su hannu da hannu da araha, kuma a gasar ƙauye suna wadatarwa.

Na biyu ya fi tsanani, domin ba dokar ƙungiya da za ta magance shi. Ƙanƙarar ce take ƙaranci. Ba kowace ƙanƙara ake tuƙi a kanta ba. Ana son kaurinta ya kai inci 4 ko fiye, ta zama mai faɗi, ba tsaga, ba kuma dusa mai yawa a kanta, sa'an nan a sami iska a ranar. Ko a shekarun dā haɗuwar waɗannan sa'a ce. Yanzu kuwa sanyin yana makara, yana kuma saurin tafiya. A tsakiyar Fabrairu 2024, ƙanƙarar da ta rufe Manyan Tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, alhali a irin wannan lokaci an saba ganin wajen kashi 40, kuma tun da aka fara ajiye lissafi a 1973 ba a ga irin haka ba. A Holan, mahaifar abin, shahararren tseren nan na masu takalmin ƙanƙara da ke ratsa garuruwa goma sha ɗaya rabon da a yi shi tun Janairu 1997, saboda magudanan ba sa daskarewa yadda ake bukata. A kogin Hudson kuwa shekaru sukan wuce ba a fito da tsofaffin jiragen daga rumfa ba.

Ƙanƙara marar kauri kisa take yi. Shi ya sa ban da hular kwano, kowane matuƙi yana rataye da waɗansu tsinkunan ƙarfe biyu a wuya, waɗanda in ya burma zai kafa a bakin ramin ya jawo kansa waje kafin sanyin ruwa ya kashe masa hannu. Ƙa'idarsu ce kuma ba a fita tuƙi mutum ɗaya.

Saboda wannan hali, gasar DN ta duniya tana da ranar farawa amma ba ta da tabbataccen wuri. Ana sanar da yankin da ake fata, sa'an nan kwanaki kaɗan kafin ranar a tura 'yan leƙe su bi tafkuna da abin huda ƙanƙara da ma'auni, su taka, su tuƙa, su kawo rahoto. Matuƙan da suka zo daga ƙasashe goma sha wani abu sukan zauna a masauki jirage ɗaure a kan motoci suna jiran sanarwa. Ya sha faruwa dusa ta sauka da dare ta binne tafkin da aka zaɓa, da asuba ayarin duka ya kwance kaya ya kama hanyar wata jiha ko wata ƙasa, tafiyar ɗaruruwan mil, inda aka ce an ga baƙar ƙanƙara mai inci shida.